Ɗana, Batirin Da Ke Ƙarƙashin Teburinka Yana Da Wa'adi

 Sunkuya ka leƙa ƙarƙashin teburin da ka ɗora kwamfutar shago. Akwai wani baƙin akwati mai nauyi da ka tura can ƙurya tun ranar da aka kawo shi, ƙura ta rufe shi, wayoyi sun nannaɗe shi, yaron shago ma a kansa yake miƙe ƙafa in yana buga rasit. Shi ne UPS, yufiyes in ji 'yan kasuwa. Na ga yadda kake ji da janareta: kana juye baƙin mai a kan lokaci, in ya yi tari kaɗan ka kira mai gyara. Amma akwatin nan ban taɓa jin ka tambayi lafiyarsa ba. Na kuma san hujjarka, wai koriyar fitilarsa tana ci. To, a yawancin ƙananan na'urorin nan, abin da fitilar ke faɗa maka kawai shi ne akwai wuta a soket. Ƙarfin da ya rage a cikin batir kuwa, ba ruwanta da shi.

Mutane da yawa sun ɗora wa UPS kayan da ba nasa ba. Shi ba janareta ba ne, ba kuma inbata ba ce da za ta kai ka la'asar. Don 'yan mintoci aka yi shi. Da an ɗauke wuta zai cafe kwamfutar kafin ta ankara, cikin abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ba, ya riƙe ta minti 5 ko 10 ko 15, gwargwadon girmansa da nauyin da ke kansa, har ka adana aikinka ka kashe ta cikin mutunci, ko yaro ya fita ya ja janareta. Aikin ke nan. Amma 'yan mintocin nan su ne tsakaninka da asarar da kuɗi ba sa maidowa. In wuta ta yanke wa kwamfuta tana tsakiyar rubutu a kundin ciniki, wani lokaci kundin ne gaba ɗaya zai ƙi buɗuwa. Ɗauki mai atamfa a Kantin Kwari, yana da abokan ciniki a Maraɗi da Agadas da Njamena, duk bashin da yake bin su yana cikin fayil ɗaya. Ran da fayil ɗin ya lalace, wanda ake bi zai shigo da fara'arsa ya ce, "Alhaji, ai na kawo rabi kafin Sallah." Da me za ka musa? Kuma ba lallai ƙarya yake yi ba, kai ne dai ba ka da abin dubawa.

In aka kwance akwatin za ka tarar nauyin nan kusan duk na batir ne, ɗaya ko biyu, an rubuta 12V 7Ah ko 9Ah a jiki. A ciki faranta ne na dalma jiƙe da asid, dabarar da wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro tun 1859, wadda har yau ita ke tayar da motarka. Sai dai na UPS a rufe yake ruf, ba a ƙara masa ruwa. In ya bushe, ya bushe ke nan. Masu ƙera shi kan ce zai yi shekara 3 zuwa 5, kuma ba su yi ƙarya ba, amma akwai sharaɗin da mai sayarwa ba zai karanta maka ba: a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan haka yana raba kwanakin batirin biyu. Yi lissafin da kanka. Wanda zai yi shekara 4 a digiri 25, shekara 2 zai yi a 35, a 45 kuwa shekara guda. Yanzu tuna watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40 a inuwa, sannan ka tuna rufin kwanon shagonka, da ƙuryar da ka cusa akwatin, inda iska ba ta giftawa.

Sai kuma yawan aiki. A ƙasashen da aka tsara na'urar dominsu, sai a shekara ba a ɗauke wuta fiye da a ƙirga da yatsu ba. Mu nan a yini guda a ɗauke a kawo, a ɗauke a kawo. Ƙaramin batirin dalma irin wannan, in ana zuƙe shi har ƙasa, bai fi ya jure sau 200 zuwa 300 ba. Ga shi yaronka ya mai da shi abin ci gaba da aiki: an ɗauke wuta, na'ura na kuka ƙit, ƙit, shi yana ta bugu abinsa, sai ta mutu da kanta. Duk irin wannan mutuwar tana gutsurar wani abu daga kwanakin batirin. Mafi muni shi ne a bar shi a zuƙe. Ka tuna Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi suka kwashe fiye da mako guda a duhu? Batirin da ya ƙare tun ranar farko aka bar shi haka har wuta ta dawo, da wuya ya koma yadda yake, domin wani farin gishiri ne ke taruwa a kan farantan ya daskare, caji kuma ba ya narkar da shi. Don haka a ganina, a garuruwanmu, in ba a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri yake ba, batir ya kai wata 18 ka fara zarginsa, ya cika shekara 2 ka sallame shi ko da yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Za ka ce ai jiya ma an ɗauke wuta ya riƙe. Na yarda. Halinsa ke nan: ya daɗe yana raguwa kaɗan-kaɗan, rana ɗaya ya zube gaba ɗaya. Shi ya sa masu kula da manyan cibiyoyin kwamfuta suka sa wa kansu iyaka, cewa in ƙarfin batir ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 na yadda ya zo, an gama da shi, a cire. Ka ji fa, kashi 80 na ce, domin sun san daga nan gangara ce. Lamarin irin na tayar safaya ne. Tana nan a but shekara da shekaru, hankalinka kwance kana da safaya, sai ran da taya ta fashe a dajin Falgore da magariba ka ciro ta ka tarar ba iska.

Saboda haka ka gwada shi tun kafin ranar buƙata, gwajin kuma ba ya cin ko kwabo. Zaɓi ranar da wuta ta daɗe, batir ya cika. Bayan an tashi daga kasuwa, ka kwafe bayananka a filas ko wani faifan daban, ka rufe manhajar ciniki, ka bar kwamfuta da allonta a kunne. Sai ka kashe makunnin soket ɗin bango, kar ka zare filogin, don wayar ƙasa ta ci gaba da aikinta. Duba agogon wayarka. Minti nawa ya yi kafin kukan ya sauya ya koma sauri-sauri? Rubuta adadin da kwanan wata a takarda, ka manna a jikin akwatin da salatif, ka mai da wuta ya cika. Bayan wata 3 ka sake. In da farko ya yi minti 14 yanzu ya koma 6, ba sai ka kira kowa ya fassara maka ba. Kuma kar wani ya zo da mita ya ɗora a kan batir ya nuna maka 12 da ɗigo kaza ya ce lafiya lau. Mataccen batir ma yana nuna bolt 12 in ba komai a kansa, sai an ɗora masa nauyi yake durƙushewa. Mai gyaran da ya san aikinsa da nauyi yake gwaji, ko da ƙwan fitilar mota ne.

Akwai alamun da ba sa jiran gwaji. In ka taɓa akwatin ka ji zafin da hannu ba ya jurewa alhali akwai wuta, ko ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko aka buɗe aka ga batirin ya kumbura har ya matse a gurbinsa, to ba maganar gobe. Kashe shi, ka fitar da shi daga shago yau. Gobarar dare a kasuwanninmu ba sai na ba ka labarinta ba.

Kar ka ɗauka ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai ke wannan sakacin. Ran 26 ga Satumba, 2025, gobara ta tashi a cibiyar adana bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ƙasar da ake buga misali da ita a harkar fasaha. Daga baturan UPS wutar ta faro. Na litiyam ne, an saka su tun 2014, sun haura shekara 10 da aka ɗibar musu, kuma tun a 2024 aka ba da shawarar a canza su. A daren, ma'aikata na ƙoƙarin kwashe su ne zuwa ƙasan ginin don a raba su da manyan kwamfutocin, sai ɗaya ya yi tartsatsi. Ayyukan gwamnati fiye da 600 suka tsaya cak, daga na gidan waya har na neman takardun shaida, kuma wata ma'adanar fayilolin ma'aikatan gwamnati ta ƙone ƙurmus ba ta da kwafi a ko'ina. Daga baya binciken 'yan sanda ya ɗora laifin a kan yadda aka yi aikin, cewa ba a katse wuta yadda ya kamata ba kafin a taɓa wayoyin. An yi jinkirin canzawa, da aka zo taɓawa kuma aka yi ganganci. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin yi da naka.

Naka ƙarami ne, amma shi ma ba abin wasa ba ne. Kafin a buɗe shi a kashe, a zare daga bango, kuma a tuna ko an zare yana iya fitar da wuta mai ƙarfin ta soket muddin batir na haɗe. Mai aikin ya cire zobe da agogo, domin in ƙarfe ya haɗa bakunan biyu, tartsatsin na iya ƙona yatsa. A ɗauki hoton wayoyin da waya kafin a cire su, ja ya koma inda ja yake, baƙi inda baƙi yake. Manyan kuwa, masu jerin batura da yawa, ka bar wa gwani.

Wajen saye aka fi cutar mutane. Batir yana tsufa ko a kan kanta yake, cikin kwalinsa. Yana zubar da caji a hankali, wajen kashi 3 cikin 100 a wata a wuri mai sanyi, a zafinmu kuwa fiye da haka, kuma masu ƙera shi sun ce kar ya wuce wata 6 ba a ba shi caji ba. Wanda ya jima a kwantena a Apapa, ya zauna a sito a Legas, ya hau tirela zuwa Kano, ya sake zama a shago, "sabo dal" ne a bakin mai sayarwa, a wajen aiki kuwa tsoho ne. Nemi kwanan watan da aka buga a jikinsa. In mai shago ya fara kame-kame, yi gaba. Sannan ka ɗaga shi ka ji. Dalma nauyi gare ta, kuma ita ce kuɗin batir. Mai 7Ah na ƙwarai yana kai kilo 2 ko ya ɗan haura, mai 9Ah wajen kilo 2 da rabi. In an rubuta 9Ah ka ji shi sakayau, an rage dalma ne an bar maka rubutu. Ka tafi da tsohon a gwada girma da faɗin baki, don bakunan iri biyu ne, siriri da mai faɗi. Ka karɓi rasit da garanti a rubuce. Na kwance, waɗanda aka ciro daga ofisoshin Turai, bar musu kayansu. Can ma don wa'adinsu ya cika aka cire su. In kuma akwatinka batir biyu yake ci ko huɗu, ka canza su duka rana ɗaya, iri ɗaya. A jere suke aiki, in ka haɗa sabo da tsoho, tsohon ne zai ja sabon ƙasa cikin 'yan watanni.

Akwai wata dabara da ta yaɗu, ina roƙonka ka guje ta. Wani mai gyara zai ce maka a huda bayan akwatin a zaro waya, a haɗa da batirin mota ko ƙaton na inbata, sai ka riƙa samun awa uku. Zai nuna maka yana aiki, kuma a gabanka zai yi aikin. Abin da bai faɗa ba shi ne cajar da ke ciki an yi ta ne don ɗan ƙaramin batir, ba za ta cika ƙato ba kafin a sake ɗauke wuta, kuma taransifomar ciki don aikin mintoci aka yi ta, galibi ko fanka babu. Ka sa ta aikin awanni, za ta yi zafi har robar ta fara narkewa. In awanni kake so, sayi inbata ko ka haɗa sola, kowa da aikinsa.

Shi kansa akwatin yana tsufa. Fankarsa tana gajiya, ƙananan kayan cikinsa suna bushewa, cajarsa tana kaucewa daga saiti. In ka saka sabon batir ya kumbura ko ya mutu cikin 'yan watanni, sa a auna abin da cajar ke ba shi. Ya kamata ya tsaya tsakanin bolt 13.5 da 13.8 ga kowane batir. In ya zarce, dafa shi take yi. Na'urar da ta haura shekara 7 ko 8 tana shan wutarmu, ni ba zan ƙara zuba mata kuɗi ba. In za ka sayi sabuwa, kar lambar da ke kan kwali ta ruɗe ka. Wadda aka rubuta wa 650VA, abin da take ɗauka na gaskiya bai kai wat 400 ba, kwamfuta guda ke nan da allonta da na'urar intanet. Firintar leza, injin fotokwafi da na laminatin ba su da gurbi a jikinta, domin suna zuƙar wuta mai yawa a lokaci guda in za su ɗumama. Hita da dutsen guga ba ma a magana. In kuma kana jin ta tana ƙas-ƙas ba hutawa duk lokacin da aka tayar da ƙaramin janareta, wutar ce ba ta gamsar da ita ba, tana ta komawa kan batir tana cinye shi. Ko a daidaita janaretan, ko ka nemi irin UPS ɗin da ke tace wutar gaba ɗaya kafin ta isa kwamfuta. Ya fi tsada, amma shi ya dace da inda bayanai ke da daraja. Masu batirin litiyam sun fi jure zafi da yawan caji, sai dai a saye su a matsayin na'ura guda, kar a cusa litiyam a akwatin da aka ƙera don dalma.

Na san abin da ke hana ka duk wannan: ranar canji kan zo ne daidai lokacin da kuɗi ba sa hannu. To raba kuɗin batirin gida 24, ka riƙa ware kaso guda duk wata tare da na man janareta. Kuma ka ɗora aikin a wuyan mutum ɗaya da sunansa, kai ko babban yaronka, don abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa. Bayanan da ke cikin kwamfutar nan ba naka ba ne kai kaɗai. Akwai lissafin wanda ya ba ka kaya bashi, akwai na wanda ya ajiye kuɗi a wurinka, duk amana ce. UPS kuma, ko sabo ne, ba ya maye gurbin kwafi. Ka ajiye ɗaya a wajen shago.

Saura tsohon batirin. Kar ka wurga shi a bola, kar ka bar shi a bayan gida yara su mai da shi abin wasa, kar kuma ka yarda a fasa shi a unguwa don a ciro dalma. Tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu a unguwar da ake fasa tsofaffin batura ana tace ƙasar wurin don neman dalma. Mu ma mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can daga duwatsun zinari ta fito, amma gubar ɗaya ce da wadda ke cikin akwatin nan, kuma yaron da ya tsira ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa har ƙarshen rayuwa. Ka rufe bakunansa da salatif, ka ajiye shi a tsaye inda rana da ruwa ba sa kai wa, ka mayar wa dilan da ya sayar maka da sabo ko masu tara batura a cike ba a fashe ba. Ɗan kuɗin da ɗan gwangwan zai ƙara maka bai kai lafiyar yaro ɗaya ba.

Gobe in Allah Ya kai mu, kafin ka buɗe wa kowa ƙofa, jawo akwatin nan ka fito da shi sarari, ka kaɗe masa ƙura, ka ɗora shi inda iska ke ratsawa, ka nemo rasit ɗinsa ka ga yaushe ka saye shi. In ya haura shekara 2 ba a taɓa canza masa batir ba, kar wannan makon ya ƙare ba ka je kasuwa ba. Allah Ya tsare dukiya, Ya ba da ciniki mai albarka.